Ina dodon Alien ya samo naman jikinsa cikin 'yan sa'o'i?

Sadiq_Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata a kan fim ɗin Alien na farko ce, na 1979 wanda Ridley Scott ya ba da umarni. Lokacin da jaririn dodon ya faso ƙirjin Kane, ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin sararin samaniyar, a kan teburin cin abinci, tsawonsa bai wuce damtsen hannu ba. Ba a jima ba abokin aikinsa Brett ya tafi neman kyanwa, ya tsinci saɓar da dodon ya yi a ƙasa, ya ɗaga kai sai ga dodo da ya fi mita biyu. A tsakanin nan bai ci kowa ba, domin Brett ne mutum na farko da ya kama. To ina ya samo wannan jiki? Nama ba ya fitowa daga iska. Jinin asid da rashin idanu duk na iya haɗiye su, amma wannan ya tsaya mini a wuya. Masana, a taimaka.

Ummi_Taurari: Wa alaikumus salam. Ai ya ci abinci, ba a nuna ba ne kawai. A littafin da Alan Dean Foster ya rubuta daga labarin fim ɗin, ma'aikatan jirgin, wato Nostromo, sun tarar ya fasa ɗakin ajiyar abincinsu ya yi kaca-kaca da shi. Jirgi ne na mutum bakwai masu doguwar tafiya, abinci ba zai yi kaɗan ba.

Sadiq_Fagge: Na gode 'yar uwa. Amma ko ya cinye rumbun duka, narkar da abinci a mayar da shi ƙashi da tsoka yana ɗaukar lokaci. Nan ne matsalar.

Baban_Kaji: Bari in sa baki, domin lissafin abinci da nauyi shi ne aikina kullum a gidan gona. Ɗan tsakon kajin nama yana fitowa daga ƙwai da nauyin kusan giram 40. A mako shida, idan abinci da ruwa da ɗumi sun daidaita, ya haura kilo 2. Kuma kowane kilo ɗaya na nauyi yana cin abinci kusan kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan kaza ce da aka shafe shekaru ana zaɓen iri domin ta yi saurin girma, har wasu ƙafafunsu ke gaza ɗaukarsu. Idan muka ƙaddara dodon nan kilo 150 ne, ko da yana da dabarar kaza sai ya ci buhuna masu yawa. Abin da mutane ke mantawa shi ne ruwa. Fiye da rabin nauyin jikin dabba ruwa ne. Ku tuna inda Brett ya gamu da shi: wani babban ɗaki ne da sarƙoƙi ke lilo, ruwa yana ɗiga daga sama har Brett ya cire hula ya tara fuskarsa. Ni a ganina ba banza ya zaɓi wurin ba, ruwa ya je sha.

Dan_Zinder: Baban Kaji ya taɓo inda nake so. Ƙaguwa idan ta yi saɓa, ruwa take zuƙa jikinta ya kumbura tun sabon ɓawon yana da laushi, sannan ya taurare a wannan girman. Naman yana cika ɓawon ne daga baya, a hankali. Malam-buɗe-littafi ma haka yake buɗe fukafukansa, ruwan jikinsa yake turawa cikin jijiyoyinsu. Saboda haka mai yiwuwa dodon da ya kama Brett girma ne kawai gare shi, cikinsa rabi ruwa ne.

Kwamanda_Bichi: Ɗan Zinder, abin da cikinsa ruwa ne shi zai ɗaga ƙaton mutum sama kamar ba komai? Kalli yadda ya yi da Parker, injiniyan jirgin, daga baya. Wannan ƙarfin tsoka ne.

Dan_Zinder: Ba dole ba ne, Kwamanda. Gizo-gizo ba shi da tsokar miƙe ƙafa a wasu gaɓoɓinsa, matsin ruwan jikinsa ne ke miƙe su. Shi ya sa idan ya mutu ƙafafun ke naɗewa ciki. Matsin ruwa yana ba da ƙarfi sosai, da shi motar haƙa ƙasa ke ɗaga bokitinta.

Malama_Hauwa_Bio: Ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma wannan muhawara ta yi mini daɗi. Abin da ya fi damuna ba nauyin ba ne, zafi ne. Duk lokacin da jiki ke gina sababbin ƙwayoyin halitta, wani kaso na ƙarfin abinci yana fita a matsayin zafi. Akwai wata tsutsa da ke cin ganyen taba a Amurka, masu bincike suna yawan amfani da ita, wadda ke ninka nauyinta kusan sau 10,000, amma tana ɗaukar mako uku tana ci ba dare ba rana. Idan ka matse irin wannan aiki cikin sa'o'i, dabbar za ta dafa kanta. To ga abin mamaki: a fim na biyu, Aliens na 1986 wanda James Cameron ya yi, sojojin sun shiga sheƙar dodannin da na'urar gano zafin jiki, ba su ga komai ba, har ɗaya daga cikinsu ta ce wataƙila ba sa fitowa a na'urar sam. Ke nan jikinsu ba ya fitar da zafi fiye da wurin da suke. Halittar da ke girma da wannan sauri kuma jikinta sanyi, waɗannan biyun ba sa zama wuri ɗaya a ilimin da muke da shi.

Ummi_Taurari: Malama, amma sheƙar tana ƙarƙashin injin sarrafa iskar duniyar da sojojin suka sauka ne, wurin da zafi ya yi yawa. Idan bango da dodo zafinsu ɗaya, na'ura ba za ta bambance su ba. Kuma waɗancan manya ne da suka gama girma.

Malama_Hauwa_Bio: Wannan hujja ce mai kyau, Ummi. Ta warware na biyu, amma zafin girman na farko yana nan. Sai dai idan bututun nan huɗu da ke bayansa aikinsu fitar da zafi ne, kamar yadda giwa ke yi da kunnuwanta. Ni haka nake fassara su.

Usman_Mai_Batir: Ni dai maganar jinin ce ke jan hankalina, tun da Sadiq ya ce ya haɗiye ta cikin sauƙi. Kullum ina aiki da ruwan batir. Yana cin riga, yana cin fata, ya ɗiga a kan ƙarfe sai ka ga yana tafasa. Amma a cikin me yake zaune? Roba. Shekara da shekaru yana ciki, roba ko gezau. Saboda haka masu cewa me ya sa jinin bai cinye dodon ba, amsar ita ce kowane asid da abin da ba ya iya ci. Akwai ma wani da ke cin gilashi, sai a robar ake ajiye shi.

Nafisa_Chem: Gaskiya ne Malam Usman, haidirofulorik ke nan. Kuma cikinmu ma yana da asid mai ƙarfi, pH ɗinsa (ma'aunin ƙarfin asid) tsakanin 1.5 zuwa 3.5, yauƙin da ke lulluɓe bangon ciki ne ke kare mu. Idan kariyar ta samu matsala sai gyambon ciki ya biyo. A teku akwai ƙananan halittu da ke ajiye asid irin na batir a fatarsu domin kada kifi ya ci su. Inda nake da ja shi ne yawan ɓarnar. A fim ɗin farko, Ash, jami'in kimiyyar jirgin, ya ɗan yanki yatsan halittar da ta maƙale a fuskar Kane, ɗan abin da ya tsarto ya huda daɓen ɗakin, ya sauka hawa na ƙasa, suna bin sa da gudu kada ya huda jikin jirgin. Asid yana ƙarewa ne yayin da yake cin ƙarfe. Cokali ɗaya ba zai ci fiye da abin da lissafi ya ba shi ba, komai ƙarfinsa. Sai dai idan a cikin ruwan akwai wani abu mai rai, ko wani sinadari da ke tayar da aikin ba tare da shi kansa ya ƙare ba.

Kwamanda_Bichi: A Alien Resurrection na 1997 ai an nuna suna sane da makamin da ke jikinsu. Biyu suka taru suka kashe na uku a cikin keji, jininsa ya huda ƙasa suka fice. Kuma su bai yi musu komai ba.

Nafisa_Chem: Ni ban ma yarda jini ba ne. Aikin jini ɗaukar iskar oksijin da abinci zuwa sassan jiki, kuma furotin ba ya jure irin wannan asid. Ina ganin ruwan kariya ne da ke tsakanin fata biyu, a matse, shi ya sa yake tsartuwa idan an yanka. Akwai wani ƙwaro da ake kira bombadiya, yana ajiye sinadarai a jakunkuna daban, sai an tsokane shi yake haɗa su, ya fesa ruwa mai zafin kusan digiri 100. Mai yiwuwa dodon ma haka ne, ruwan ba ya zama asid sai rauni ya haɗa su ko iska ta taɓa shi.

Abba_Kofar_Mata: Jama'a, fim ne fa. Marubuci yana son dalilin da zai hana su harbe shi da bindiga a cikin jirgi, shi ne aka ba shi jinin asid. Girman kuma saboda fim ba zai jira wata shida ba.

Ummi_Taurari: Kowa ya san haka, Yaya Abba. Amma ka duba abin da aka koya a nan daga safe zuwa yanzu. Ni ban san gizo-gizo da matsin ruwa yake miƙe ƙafa ba sai yau.

Malam_Tukur_Daura: Ku yara kuna ta zuwa teku da Amurka neman misali, alhali yana cikin ɗakunanku. Zanzaro. Ku dubi ɗan ginin laka da take yi a kusurwar bango ko bayan ƙofa. Idan kuka fasa ɗaya za ku ga tsutsotsi ko gizo-gizo a cushe a ciki, ba su mutu ba, harbinsu ta yi suka sandare. Ta saka ƙwai, ta toshe ƙofar da laka ta tafi. Ɗanta ya ƙyanƙyashe ya tarar da abinci ɗanye yana jiransa, ya ci har ya girma. A Aliens, mutanen da aka manne a bango da ransu suna jiran ƙwai ya buɗe, wannan aikin zanzaro ne sak. Akwai ma danginta da ke saka ƙwan a cikin jikin tsutsar kai tsaye, ɗan ya ci ta daga ciki, ya bar gaɓoɓin da ke riƙe da ranta sai a ƙarshe. Masanin halittu Darwin da kansa ya rubuta cewa wannan halitta ta dame shi ƙwarai.

Sadiq_Fagge: Allah ya ƙara girma, Malam. Amma ɗan zanzaro ba ya fin abincin da aka ajiye masa nauyi. Da dodon ya cinye Kane duka ne sannan ya fito da girman mutum, da ban yi tambaya ba. Ya fito ƙarami, gawar Kane kuma sun harba ta sararin samaniya, bai ci ta ba.

Malam_Tukur_Daura: Haka ne. Sai dai ka tuna Kane ya farka da yunwa mai tsanani, yana ta loda abinci a faranti. Abin da ke cikinsa ya riga ya zuƙe shi.

Zee_Kaduna: Kun kalli fim ɗin Alien: Romulus na 2024 kuwa? Mai ba da umarninsa, Fede Álvarez, ya cike wannan giɓin. Bayan dodon ya fito daga ƙirjin Navarro, matuƙiyar jirgin, an nuna ya manne a bangon jirgi cikin wani buhu mai yauƙi, daga ciki ya fito babba. Abokin tafiyarta Bjorn ya soka wa buhun sandar lantarki, asid ya zubo masa. To tun da buhun a manne yake da bango kusa da wayoyi da bututu, me zai hana a ce jirgin kansa yake ci? Ash ya faɗa a fim na farko cewa halittar tana zubar da ƙwayoyin fatarta tana maye gurbinsu da silikon. Idan asid ɗinsa na narkar da ƙarfe da roba, to ba makami ba ne kawai, da shi yake cin abinci.

Nafisa_Chem: Zee, wannan ra'ayi ya burge ni. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke samun ƙarfinsu daga ƙarfe da farar wuta a ramukan haƙar ma'adinai, kuma a cikin ruwa mai asid suke rayuwa. A ƙasan tekun Indiya kuma an gano wani dodon koɗi a 2001 wanda ke gina sulken jikinsa da sinadarin ƙarfe. Sai dai duk masu wannan dabara a hankali suke girma, domin ƙarfin da ake samu daga ƙarfe kaɗan ne idan aka kwatanta da sukari ko kitse. Zai ba shi kayan gina ɓawo, ba zai ba shi sauri ba.

Hajiya_Binta_Legas: Ku dakata in gaya muku abin da da yawa ba su sani ba. Wanda ya sa rigar dodon a 1979 ɗan Najeriya ne, Bolaji Badejo, haifaffen Legas. Yana karatun zane a Landan aka gan shi, tsawonsa ya kai mita 2 da ɗoriya, siriri mai dogayen hannuwa, daidai abin da suke nema don kada a gane mutum ne a ciki. Fim ɗaya tak ya yi, ya dawo gida ya buɗe gidan baje kolin zane. Ya rasu a 1992 sanadiyyar ciwon sikila, yana da shekara 39.

Kwamanda_Bichi: Ikon Allah! Wallahi ban taɓa ji ba. Wannan tafiyar a hankali da dodon ke yi, ashe tasa ce.

Dan_Zinder: Siririn jikin nan ma yana goyon bayan maganata. H. R. Giger, mai zanen Suwizalan da ya tsara siffar, haƙarƙari da bututu ya yi masa, babu tumbi, babu kitse. Tsawo ne da shi, ba nauyi ba. Kilo 150 ɗin Baban Kaji ya yi yawa.

Baban_Kaji: To a rage zuwa 80. Daga abin da bai wuce kilo 2 ba zuwa 80 a yini guda, har yanzu ninki 40 ne. Kaza tana buƙatar mako shida kafin ta yi kusan haka.

Zee_Kaduna: Wata tambaya, tun da an taɓo Giger. Ba shi da idanu, da me yake gani? A Romulus masu kama fuska, wato irin halittar da ta maƙale a fuskar Kane, da zafin jiki da sauti suke bibiyar mutum, shi ya sa aka ɗaga zafin ɗakin ya yi daidai da na jiki, suka ratsa su shiru.

Malama_Hauwa_Bio: Mesa tana da ƙananan ramuka a leɓenta da take jin ɗumin dabba da su cikin duhu, jemage kuma da amsa-kuwwa yake gane hanya. Dogon kan nan mai santsi zai iya zama wurin karɓar sauti. Harshen nan mai haƙora ma yana da ɗan uwa a teku: a 2007 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa kifin moray yana da muƙamuƙi na biyu a maƙogwaro, yana turo shi gaba ya cafki abinci ya ja ciki. Shekara 28 bayan fim ɗin.

Abba_Kofar_Mata: To ni ma ga tawa. A Alien 3 na 1992 wanda ya fito daga jikin kare da ƙafa huɗu yake gudu, ba shi da bututun baya. Idan bututun na fitar da zafi ne kamar yadda Malama ta ce, shi wannan da me ya huce? Kuma shi ma ya yi saurin girma.

Malama_Hauwa_Bio: Wannan ya fito da girmansa tun farko, da ƙafafu har ya miƙe tsaye, saboda haka aikin da ya rage masa bai kai na wancan ba. A sigar fim ɗin da aka fitar a 2003 ma daga jikin bijimin sa ya fito, ba kare ba, wanda ya fi dacewa da girman nasa. Batun ɗaukar siffar mai masauki kuwa, ɗaukar DNA (sinadarin gadon halitta) daga wata halitta yana faruwa a zahiri. A 2015 aka gano cewa dankalin Hausa da muke ci yana ɗauke da guntun DNA na wata bakteriya da ya shige shi tun zamanin da. Amma guntu ne, ba tsarin ƙafafu ba.

Ummi_Taurari: Akwai bayanin da ba a kawo ba. Ridley Scott ya taɓa cewa a tunaninsa ran dodon gajere ne, na 'yan kwanaki. Ku tuna ƙarshen fim ɗin, jarumar fim ɗin, Ripley, ta same shi kwance cikin bututun ƙaramin jirgi, ko motsin kirki ba ya yi. Halittar da ta ƙone duk ƙarfinta wajen girma cikin yini ɗaya, dole ta biya da tsawon rai.

Kwamanda_Bichi: Idan haka ne, waɗanda suka mamaye Hadley's Hope, matsugunin mutane a fim ɗin Aliens, fa? Iyalai 60 zuwa 70 ne a wurin, an kwashe su, kuma sojoji sun ɗauki makonni kafin su iso, suka tarar da dodannin da ransu. Sarauniyarsu mai saka ƙwai kuwa girmanta ya ninka nasu.

Malam_Tukur_Daura: Sarauniyar gara ma tana shekaru a cikin suri tana zuba dubban ƙwai kullum, ma'aikata ne ke ciyar da ita baki da baki. Wanda ke cikin sheƙa yana da masu kawo masa abinci da wurin kwanciya ya rage kashe ƙarfi. Na Nostromo maraya ne, shi kaɗai.

Sadiq_Fagge: Idan na haɗa ruwan Baban Kaji, da kumburin Ɗan Zinder, da ɗakin abincin Ummi, da bangon Zee, na yarda za a iya samun kayan ginin. Zafin da Malama Hauwa ta kawo ne har yanzu ban ga wanda ya kashe shi ba. Bututu huɗu ba za su isa ba.

Nafisa_Chem: Idan a cikin ruwan nan mai ɗiga ya yi girman fa? Ruwa yana kwashe zafi fiye da iska nesa ba kusa ba. Malama, kilo nawa na ruwa zai ƙafe kafin a gina kilo 80 na jiki? Idan kin ba ni ƙiyasin ƙarfin da ake kashewa a kowane kilo na sabon nama, zan yi lissafin in kawo nan da dare.

Zee_Kaduna: Ku haɗa da na fim ɗin Alien: Covenant a lissafin. Wanda ya fito daga ƙirjin kyaftin Oram da hannuwa da ƙafafu ya fito, kuma a cikin kogon dutse yake, babu rumbun abinci, babu bangon ƙarfe.